Lansir a Gindin Dutsen Nano

Sokode, watan Agusta

Zuwa ga taubashina Aƙilu, mahaucin Dapaong,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da Murja da yara. Mu nan lafiya lau, sai ruwan sama da ya hana mu sakat, kayan miyana rabi suna ruɓewa a kan tebur kafin la'asar. Inna ma da sauƙi, ƙafar ta daina kumburi, idon ne dai kullum ƙara rufewa yake yi.

Na san za ka ce me ya kawo takarda alhali ga waya a hannun kowa. Gwaggonka ba ta yarda da maganar waya ba, ta ce iska ce, ana kashewa ta wuce. Takarda kuwa tana ajiye ta ƙarƙashin matashi, a sake karanta mata duk sanda ta so. Ban da haka, abin da zan roƙe ka sai an sa shi cikin ambulan. Issifou direba, mai ɗaukar albasa daga wajenku, ya ce zai riƙa kai mana yana kawowa.

Ga maganar. Tun bayan babbar salla Inna ta ɗauko wani zance da babu wanda ya taɓa ji a gidan nan. Ta ce kafin a haifi Yaya Rashid ta haifi wata 'ya, sunanta Khairiya, kuma a hanya ta rasu, shekarar babban farin nan da suka taso daga Maraɗi da marigayi Baba da ragowar shanunsu. Ta ce sun bar Dapango (haka take kiran garinku har gobe), suka ratse ta Nano saboda ciyawa, a nan yarinyar ta cika. Wasu manoma suka sauke su a wani gida a gindin dutse, gida mai jariri mai yawan kuka. Maza suka binne ta kusa da inda ruwa yake tsattsafowa daga dutsen. Da suka dawo ita ma ta je ta ga wurin, ta kwance bakin zanenta ta zuba ragowar algarif ɗin da take jiƙa wa yarinyar. Algarif, in ji ta, 'ya'yan wani ganye ne da ake kira lansir, wanda suke kwaɗo da shi a garinsu. Ta ce kafin su tashi ya tsiro, da idonta ta gani.

Yanzu so take ta je wurin sau ɗaya kafin ta mutu. Ba ta san sunan ƙauyen ba, ba ta san sunan masu gidan ba, Baba kuma da ya sani ya yi shekaru a ƙasa. Abin da ta riƙe kawai shi ne lansir ɗin. Ta ce inda duk aka gan shi a gindin dutsen nan, to nan ne.

Ni ban taɓa ganin lansir ba, a nan ba a shuka shi. Yadda ta kwatanta: gajere ne, bai kai gwiwa ba, furensa fari ƙanana ƙwarai, kowanne da 'yan kunnuwa huɗu, kuma in ka tauna ganyen yana da yaji. Tunda kana zuwa kasuwar Nano sayen awaki, don Allah ka ɗan zaga gindin dutsen. Abin da ka samu ka sa a ambulan. Ba ta gani, amma hancinta da harshenta ba su tsufa ba.

Ba zan ɓoye maka ba, Yaya Rashid ya ce rikicin tsufa ne, wai in da an yi wata Khairiya da Baba ya faɗa. Ni kaina wata rana in yarda, wata rana in yi shakka. Abin yana damuna.

Taubashiyarka, kuma uwar gijiyarka,
Lauratu

Dapaong, watan Satumba

Zuwa ga Lauratu, baiwata ta Sokode,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same mu lafiya. Murja tana gaishe ki, ta yi fama da zazzaɓi amma ta miƙe. Ki durƙusa ki gaida mini Gwaggo da kyau, ki ce ɗanta ya ji, kuma ya karɓa.

Maganar uwar gijiya kuwa, mu bar ta sai mun haɗu. Wanda ake aika da roƙo ba a yi masa sarauta a ƙarshen takarda.

Na je Nano ranar kasuwa, na gama cinikina da wuri, na bar awakin wurin wani abokina na hau babur na nufi dutsen. Lauratu, ke da Gwaggo kun ce dutse kamar wani guda ɗaya ne da za a zaga a dawo. Abin nan bango ne, ya miƙe iyakar ganin ido, kuma a wannan lokaci ko'ina ruwa yake fitarwa. Gindinsa duk gonakin dawa ne sun fi ni tsawo. Na tambayi mutane lansir, babu wanda ya taɓa jin sunan. Na tambayi kabarin baƙi na shekara hamsin, wani tsoho ya dube ni ya ce baƙin da suka mutu a shekarar nan ai ba su ƙirguwa.

Amma ban dawo hannu sake ba. A bakin wata gona na ga wani tsiro mai farin fure, na tsuguna na ƙirga kunnuwan, huɗu cif. Na tauna ganyen, ya yi mini yaji har da ɗaci-ɗaci. Tsawonsa ya ɗan wuce gwiwa, amma na ce bana an yi ruwa sosai. Na tsinko kawunan furen na sa miki a nan. Yana da yawa a wurin, in shi ne, to sai mu san yadda za mu gane ainihin inda kabarin yake.

In an dace, ki gaya wa Yaya Rashid ya tanadi kuɗin mota. Ni kuma tukuicina goron Sokode, manya.

Ubangidanki,
Aƙilu

Sokode, watan Satumba

Zuwa ga Aƙilu,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya, Allah ya ƙara wa Murja sauƙi. Inna ta amsa gaisuwarka, ta sa maka albarka.

Aƙilu, gasaya ka aiko mana. Gasaya! Wadda take fitowa a bayan kowane gida, wadda nake sayarwa ƙulli-ƙulli a kan teburina. Ina buɗe ambulan ɗin, ban ma miƙa mata ba, Inna ta ɗaga hanci ta ce, «Wa ya shigo da gasaya ɗakin nan?» Ta yi dariya har da tari. Ta ce in gaya maka ba laifinka ba ne, mahauci ba ya sanin ganye sai ya gan shi a cikin tumbin akuya. Rabon da in ji dariyarta haka an daɗe, saboda haka na yafe maka, rabin goron ya zama naka.

Da ta huta na zaunar da ita na yi mata tambayoyin da ya kamata in yi tun farko. Laifina ne a nan. Ga abin da ta ƙara. Furen gasaya yana da dogayen zaruruwa kamar gashin bakin kyanwa, na lansir ba shi da su, kuma ya fi shi ƙanƙanta nesa ba kusa ba, sai ka tara da yawa kafin su rufe farcen babban yatsa. Ganyen gasaya kamar tafin hannu yake mai yatsu biyar, na lansir a tsattsage yake, sirara. Yajinsa ba na barkono ba ne, hanci yake hawa, kuma babu ɗaci. In ya yi 'ya'ya ba dogon kwanso yake yi ba, ɗan fale-fale ne zagayayye, da 'ya'ya jajaye a ciki. In aka jiƙa su sai su yi yauƙi.

Babban abin kuma, ba a damina yake fitowa ba. Ta ce an gama girbi lokacin da suka sauka a gidan, ana sanyi, da bargo take rufe yarinyar. Kenan ka bari sai an cire amfanin gona, ciyawa ta bushe, sannan ka nemi inda ruwa bai ƙafe ba.

Yaya Rashid yana nan sanda aka buɗe ambulan ɗin. Bai yi dariya ba. Da muka fita tsakar gida ya ce in daina wahalar da mutane, wai ko da an yi yarinyar, wane ganye ne zai shekara hamsin yana jiran mu. Na koma ɗaki na tambayi Inna haka a fakaice, ta ce, «Ni dai na zuba, kuma ya tsiro.»

Tana ƙirga watanni yanzu. Kullum sai ta tambaye ni ko an fara yankan dawa a wajenku.

Lauratu

Dapaong, watan Disamba

Zuwa ga Lauratu,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, da jikin Gwaggo. Mu nan alhamdu lillahi, sanyi ya sauka, nama yana kwana ba ya lalacewa, mahauta muna shan iska.

Kada ki ga shiru ki ce na manta. Tun da aka yi girbi, duk ranar kasuwar Nano sai na ɗauki wani yanki na gindin dutsen na bi. Mutanen wurin har sun sa mini suna mai neman ciyawa. Na tauna ganyaye iri-iri, wani ya sa leɓena ya kumbura, Murja ta ce in na mutu a kan wannan aiki ke za ta kai ƙara.

Wannan makon na samu wani abu. Akwai wani ɗan kwazazzabo da ruwa yake bi siriri a kan dutse, a cikin wata tsaga na ga tsiro guda ɗaya tak, bai fi tsawon yatsa ba. Ganyensa a tsattsage, furensa fari ƙanana, sai da na kwanta rubda ciki kafin na ƙirga kunnuwan. Huɗu ne, babu gashin baki. Na ɗan gutsuri ganye, ya hau mini hanci har na yi atishawa. 'Ya'ya ne dai bai yi ba tukuna. Na raba shi biyu, rabi na bari a wurin, rabi ga shi cikin takarda.

Kafin in naɗe shi na nuna wa Malam Fayçal, malamin gona ne, wurina yake sayen hanta. Yana da wani abu a wayarsa da in ka ɗauki hoton tsiro sai ya faɗi sunansa. Ya ɗauka, wayar ta kawo hoton wani ɗan fure mai kama da shi sak, ta ce wai a kan manyan duwatsun Turai yake fitowa, can sama inda ƙanƙara take kwanciya. Muka yi ta dariya, na ce yau ga Nano ta zama Turai. Ya ƙara dubawa da kyau, ya ce wayar ta kuskure sunan amma ba ta kuskure dangin ba. Wai dangin kabeji ne, duk furensu kunne huɗu ne a gicciye. Ya kuma ce irin wannan ba ya fitowa da kansa a dajin ƙasar nan, ko an zuba shi ba zai wuce shekara ɗaya ko biyu ba zai ɓace.

Ga Issifou can yana ta danna oda a bakin tasha, ya ce ba zai jira ni ba. Sauran bayani sai takarda ta gaba. Ki ba Gwaggo ta shinshina.

Aƙilu

Sokode, watan Janairu

Aƙilu,

Sallama. Muna nan. Ka gaida Murja da yara.

Na daɗe ban ba ka amsa ba don raina a ɓace yake, kuma ban so in rubuta abin da zan yi nadama. Ka kira wayata na gani, da gangan ban ɗauka ba.

Motar Issifou ta lalace a garin Mango, ta yi kwanaki a can, takardarka tana cikin aljihun gaban mota tana gasuwa. Da na buɗe, abin da ka naɗe ya zama gari. Inna ta shinshina, ta ɗora a harshe, ta ce ba ta jin komai sai ƙamshin man mota. Kenan babu abin da ya rage sai maganarka, ni kuma da wautata na karanta ta da ƙarfi daga farko har ƙarshe, Yaya Rashid yana zaune a bakin ƙofa.

Da na kai inda malamin gonarka ya ce ba ya fitowa a ƙasar nan, ko an zuba zai ɓace, sai Yaya ya ce, «To, kun ji dai.» Bai faɗa da mugunta ba, amma ya faɗa. Inna ta ce in sake karanta wurin. Na sake. Sai ta ce, «Har da dariya suka yi?» Ta juya ta fuskanci bango.

Tun ranar ba ta ƙara ambaton Khairiya ba. Ba ta tambayar sanyi, ba ta tambayar Issifou. Takardunka da take ajiyewa ƙarƙashin matashi ta ce in kwashe. Abinci sai na yi da gaske take cin loma biyu. Shekaranjiya ina shafa mata mai a ƙafa ta ce mini, «Lauratu, ko dai mafarki na yi?» Wallahi da ta zage ni ya fi mini sauƙi. Matar da ta haifi 'ya ta binne, yau ita ce take tambayata ko an yi.

In ka gaji ne, da ka gaya mini ni kaɗai, ba sai ka kawo mu da malamin gona da Turai ba. Ban ce ba ka yi ƙoƙari ba, ka yi, Allah ya biya ka. Amma ka bar shi haka. Kada ka sake aiko komai.

Lauratu

Dapaong, watan Janairu

Zuwa ga 'yar'uwata Lauratu,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Labarin jikin Gwaggo ya tayar mini da hankali, Allah ya ba ta lafiya. Kin ce kada in sake aiko komai, ga shi na aiko. Wannan karon ki karanta ke kaɗai tukuna, har ƙarshe.

Dariyar da muka yi, wayar muka yi wa, ba Gwaggo ba. Kuma maganar Malam Fayçal rabinta na rubuta Issifou ya ɗaga mini hankali. Ga ragowar: ya ce tunda ba ya fitowa da kansa, kuma ga shi na same shi, to akwai mai shuka shi, kuma ba nisa. Ya ce wanda na gani a tsaga ƙwaya ɗaya ce ruwa ya gangaro da ita, in bi ruwan in hau. Wannan shi ne abin da ya kamata in fara rubutawa, na tsaya ba ki labarin ƙanƙara. Ki yafe mini.

Na koma. Rabin da na bari akuya ta cinye, amma na bi ruwan na yi sama. Hanyar ba ta babur ba ce, da hannu da ƙafa na hau. Can na fito wani ɗan fili a ƙarƙashin dutsen, bayan wani gida na 'yan ƙabilar Moba. A daidai inda ruwan yake tsattsafowa an kewaye wani wuri da duwatsu, an ɗora ƙaya saboda awaki. Wurin bai fi shimfiɗar ɗan ƙaramin yaro ba. Lauratu, cike yake da shi, kore shar, furen ya yi fari a sama, wasu sun fara 'ya'ya fale-fale kamar yadda Gwaggo ta faɗa.

Ina tsaye sai ga maigidan ya fito da fartanya a kafaɗa, wani dogo mai furfura, sunansa Lamboni. Yana jin Hausar kasuwa. Ya ce, «Kai, kada ka taɓa, wannan na baƙo ne.» Na ce wane baƙo? Ya ce in zo in ga tsohuwarsa.

Tsohuwar tana zaune tana ɓarar gyaɗa, za su yi sa'a da Gwaggo. Ba ta jin Hausa, ɗan ne ya yi mana tafinta. Ta ce shekarar yunwa wasu masu shanu sun sauka a gidan, 'yarsu ta mutu, aka binne ta a nan. Uwar ta zuba wani jan iri a kan kabarin. Ita kuma da ta ga haka sai ta ɗauka al'adar Musulmi ce, wai dole a shuka wa mamaci wannan ganye. Da baƙin suka tafi, abin ya yi 'ya'ya ya bushe, sai ta ji tsoron kada yarinyar ta zauna babu shi. Ta tara irin a ɗan tulu, da sanyi ya dawo ta sake zubawa. Haka take yi kowace shekara har ƙafarta ta gaza, yanzu Lamboni ne yake yi. Ba su taɓa ci ba, ba su san ana ci ba.

Na ce a tambaye ta me ya sa ta ɗauki wannan wahala saboda mutanen da ko sunansu ba ta sani ba. Ta nuna Lamboni da ɓawon gyaɗa. Ta ce lokacin yana jariri, ita kuma yunwa da ciwo sun ƙafar mata da nono, yana ta kuka ana jiran mutuwarsa. Baƙuwar da 'yarta ta mutu nononta ya cika yana yi mata ciwo. Ba su jin yaren juna, baƙuwar dai ta miƙo hannu, ita kuma ta miƙa mata shi. Baƙuwar ce ta shayar da shi duk zaman da suka yi, har nonon uwarsa ya dawo.

Ni mahauci ne, ba na kuka da sauƙi, amma sai da na nemi wuri na zauna.

Na ce musu matar tana raye a Sokode. Tsohuwar ta sa aka sake faɗa mata sau biyu. Da kanta ta ɗebo irin daga tulun, shi ne a ƙullin ledar nan. Busasshe ne, ko motar Issifou ta shekara a Mango ba abin da zai same shi.

Aƙilu

Sokode, watan Fabrairu

Zuwa ga taubashina Aƙilu,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, kuma wannan karon da gaske nake. Ka gaida Murja, ka ce ta janye ƙararta. Ni ce da neman gafara, na yi maka rashin adalci, kuma kunya ta ishe ni.

Na bi maganarka, na karanta ni kaɗai a bayan teburina, mai sayen tattasai tana tsaye tana tambayata wa ya mutu. Da na koma gida ban ce wa kowa komai ba. Na aika aka kira Yaya Rashid, na jiƙa irin kaɗan a kofi, na bari ya ɗan jima. Sannan na ce, «Inna, buɗe bakinki, ga wani magani.» Na ɗora mata a harshe.

Ta daɗe tana juya shi. Ta sa yatsa cikin kofin ta murza, yauƙin ya biyo yatsan. Ta ce, «Algarif.» Sai ta tashi zaune da kanta, abin da ta kwana biyu ba ta yi ba, ta ce, «A ina ya samo?» Na ce a gindin dutsen Nano, bayan wani gida. Ban karanta mata ko layi ɗaya ba, Allah ne shaidata, Yaya ma shaida ne. Sai ta kama hannuna ta ce, «Jaririn gidan fa? Ya rayu?»

Na miƙa wa Yaya takardarka na ce ya karanta mata da bakinsa. Ya fara da ƙarfinsa, da ya kai wurin nono sai ya ajiye takardar ya fita tsakar gida. Da ya dawo ya durƙusa a gaban gadon ya ce, «Inna, me ya sa ba ki taɓa faɗa mana ba?» Ta ce Baba ba ya son a tuna hanyar nan, duk sanda ta ɗauko sai ya tashi ya bar ɗakin, har ta saba da shiru. «Ku kuma ba ku tambaya ba,» in ji ta.

Kafin nan kuwa, da aka zo wurin da tsohuwar ta ɗauka al'adar Musulmi ce, Inna ta yi dariya da hawaye tare. Ta ce ita ba don komai ta zuba ba, gani ta yi wadda ake jiƙa wa ta tafi, ba ta iya ci gaba da ɗaukarsa a bakin zane. Ta ce, «Shekara hamsin suna noman lansir ba su taɓa kwaɗo ba!» Ta sa na daka ƙuli-ƙuli za ta tafi da shi. Na kan kabarin ba za a taɓa ba, amma za ta sa su zuba wani a gefe, ta koya musu.

Liman ya ce babu wata tantama, wanda ya sha nonon Inna ɗanta ne, ɗan'uwanmu ne ni da Yaya. Yaya Rashid da ya shekara yana taƙama shi ne babba, ashe yana da wa a Nano.

Za mu taso ranar Juma'a bayan masallaci, Yaya ya ɗauki shatar mota, ba ta Issifou ba. Mu kwana wurinku, da safe ka kai mu. Abin da yake damuna shi ne hawan da ka ce da hannu da ƙafa ka yi. Inna ta ce ko a baya za a goya ta sai ta je.

Ta kuma ce lallai in tambaye ka, yaron ya yi ƙiba kuwa? Wai ta bar shi duk ƙashi.

Goronka yana cikin kaya, cikakke, manya.

Lauratu

Dapaong, watan Fabrairu

Zuwa ga Lauratu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Murja ta share ɗaki ta shimfiɗa wa Gwaggo sabuwar tabarma. Allah ya kawo ku lafiya. Wannan za ta riga ku tashi, na ja wa Issifou kunne.

Ki ce wa Gwaggo yaron ya yi ƙiba daidai gwargwado, yana da 'ya'ya shida da jikoki, kuma ya fi ni furfura.

Maganar hawa kada ta dame ki. Ashe akwai hanya ta bayan gidan, ni ne na bi ta awaki. Jiya na je na kai musu labari, na tarar Lamboni da 'ya'yansa suna kwashe duwatsun hanyar tun daga bakin titi, wai kada Gwaggo ta yi tuntuɓe tunda ba ta gani. Tsohuwarsa ta hana a cire irin bana, ta ce a bar furen yadda yake sai mai shi ta zo ta taɓa.

Da zan tafi Lamboni ya rako ni har wurin babur, yana ta jan ƙafa kamar mai son faɗin wani abu. Can ya ce shi Hausarsa ta ciniki ce, bai san yadda ake gaida irin wannan baƙuwa ba, in ta sauko daga mota me zai kira ta? Na ce ya ce Inna.

Na tada babur na bar shi a tsaye a bakin hanya, yana ta maimaitawa kada ya manta.

Aƙilu